Yahudawa da Al'ummai: su wane ne jama'ar Allah a koyarwar Kirista?

Yesu Bayahude ne. Manzanninsa goma sha biyu Yahudawa ne. Mutum dubu uku da aka yi wa baftisma ranar Fentikos a Urushalima su ma Yahudawa ne, ko kuwa baƙin da suka riga suka shiga addinin Yahudawa. Saboda haka a shekarun farko babu wanda ya damu da tambayar ko Bayahude yana da wuri a cikin ikilisiya. Abin da ya tayar da ƙura shi ne sauran mutanen duniya, waɗanda Littafi Mai Tsarki ke kira Al'ummai: ta wace ƙofa za su shigo, kuma da wane sharaɗi? Kafin a cika shekara ɗari da hamsin tambayar ta juye. Al'ummai sun cika gidan, har ana muhawara ko Bayahude mai kiyaye Asabar zai iya zama Kirista. Yawancin kurakuran da ake ji a wa'azi a kan wannan batu suna fitowa ne daga karanta wasiƙun Bulus da idon zamani na biyu, alhali a zamani na farko aka rubuta su.

Mai shirya darasi ko wa'azi ya fara daga Farawa, kuma ya kula da jerin surori, domin a kan jerin ne Bulus ya gina hujjarsa. A sura 12 Allah ya kira Ibrahim, ya ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. A sura 15 Ibrahim ya gaskata, aka lasafta masa wannan adalci ne. Sai a sura 17 aka ba da kaciya, lokacin yana da shekara 99, da umarnin a yi wa kowane ɗa namiji a rana ta takwas. Shari'ar Musa kuwa ta zo shekara 430 bayan alkawarin, bisa lissafin Galatiyawa 3:17. Hujjar Bulus a Romawa 4 ke nan: Ibrahim ya sami karɓuwa yana marar kaciya, don haka shi uba ne ga masu bangaskiya marasa kaciya, uba ne kuma ga masu kaciya da ke bin sawun bangaskiyarsa. Uba ɗaya, 'ya'ya iri biyu, kuma ba a kori kowa daga cikinsu ba.

Tsohon Alkawari bai taɓa rufe ƙofa ga baƙo ba. Rahab 'yar Yariko da Rut 'yar Mowab suna cikin jerin kakannin Yesu a Matiyu sura 1. Ishaya 56 ya ce Haikali zai zama gidan addu'a ga dukan al'ummai. Amma ƙofar tana da sharaɗi a fili: Fitowa 12:48 ta ce baƙon da yake son cin Idin Ƙetarewa sai an yi wa dukan mazajen gidansa kaciya. Waɗanda suka tsaya daga baya suka ce dole Al'ummai su yi kaciya suna da aya a hannu, ba taurin kai kawai suke yi ba. In aka mai da su miyagu a wa'azi, an rage nauyin abin da aka yanke a Urushalima.

A nan mai karatu Bahaushe yana da wata matsala ta musamman. A ƙasar Hausa kaciya al'ada ce ta kowa, Musulmi da Kirista, ba wanda ke ɗaukarta babban mataki. Ga Baheline ko Barome na wancan zamani kuwa abin kunya ne da ake yi wa ba'a, ga zafi da haɗari ga babban mutum, kuma tana nufin ya bar kabilarsa ya koma wata: ya canza abincinsa, ranar hutunsa, da teburin da zai zauna. Shi ya sa majami'un Yahudawa a biranen daular Roma suke da mutanen da ake kira masu tsoron Allah, suna zuwa su ji karatun Attaura, suna ba da sadaka, amma ba su kai ga wuƙa ba. Karniliyus, jarumin soja a Kaisariya, ɗaya ne daga cikinsu.

Rabuwar har gini gare ta. A Haikalin Urushalima akwai wata gajeriyar katanga ta dutse, wadda marubucin tarihi Yusufus ya ce tsayinta kamu uku ne, tana raba farfajiyar da baƙi za su iya shiga da wuraren ciki. A jikinta an kafa allunan gargaɗi da Helenanci da Latin. An tono ɗaya cikakke a shekarar 1871, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul, kuma abin da ya ce shi ne duk baƙon da aka kama ya ƙetare, alhakin mutuwarsa yana wuyansa. Tarzomar da ta kai ga kama Bulus a Ayyukan Manzanni 21 ta tashi ne a kan zargin ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa bayan wannan katanga. In Afisawa 2:14 ta ce Almasihu ya rushe katangar gaba, masana da yawa suna ganin wannan ce a zuciyar marubucin, wasu kuma sun ce dokokin Shari'a ne da kansu ake nufi. Ko wanne ne, aya ta 15 ta faɗi sakamakon: sabon mutum ɗaya daga cikin biyun. Aya ta 19 kuma ta ce wa Al'ummai yanzu su 'yan gari ne tare da tsarkaka. A lura da kalmar "tare". Shigowa suka yi cikin gidan da yake da mutane.

Taron Urushalima, wajen shekara ta 48 ko 49 Miladiyya, shi ne inda aka yanke hukunci, kuma Ayyukan Manzanni 15 ta ba da matakansa. Wasu daga Yahudiya suka je Antakiya suna koyar da cewa ba ceto sai da kaciya. Aka aiki Bulus da Barnaba zuwa wurin manzanni da dattawa. Bitrus ya ba da shaidar gidan Karniliyus, inda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya tun yana cikin magana. Bulus da Barnaba suka ba da labarin tafiyarsu. Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ya kawo Amos 9:11-12, ya rufe zancen: kada a ɗora wa Al'ummai wahala, sai dai su guji abu huɗu, wato abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Bahaushen da ya san ƙyamar mushe ba zai sha wuyar gane na biyu da na uku ba. Masana da dama sun lura cewa waɗannan huɗun sun yi daidai da abin da Littafin Firistoci 17 da 18 ya ɗora wa baƙon da ke zaune a tsakiyar Isra'ila. Amfaninsu a aikace shi ne Bayahude da wanda ba Bayahude ba su iya sa hannu a akushi ɗaya. (Wani abin mamaki: da Bulus ya zo maganar naman gumaka a 1 Korantiyawa 8 zuwa 10, bai ambaci wasiƙar Urushalima ko sau ɗaya ba, da hujjar lamiri da ƙauna ya bi.)

Abin da taron bai faɗa ba yana da muhimmanci kamar abin da ya faɗa. Bai ce Yahudawa masu bi su daina kaciya ko Asabar ba. Shekaru bayan haka Yakubu yana gaya wa Bulus cewa akwai dubban Yahudawa masu bi, dukansu masu himma ga Shari'a, Bulus kuwa ya shiga Haikali ya yi tsarkakewa tare da mutum huɗu masu wa'adi. Shi Bulus ɗin ya yi wa Timoti kaciya, domin uwarsa Bayahudiya ce, amma ya ƙi a tilasta wa Titus, domin Baheline ne. Wanda bai riƙe ƙa'idar 1 Korantiyawa 7:18 ba zai ɗauka Bulus baki biyu gare shi: mai kaciya kada ya nemi ɓoye kaciyarsa, marar kaciya kada ya yi. Zafin wasiƙar Galatiyawa a kan masu tilasta wa Al'ummai su zama Yahudawa ne, da kuma kan Bitrus da ya janye daga teburin Al'ummai a Antakiya da baƙi suka zo daga wurin Yakubu. Ɗaukar wannan zafi a jefi Yahudawa gaba ɗaya da shi shi ne kuskure na farko da ya fi yawa.

Romawa 9 zuwa 11 ita ce wurin da ya kamata a daɗe, kuma ba a karanta ta a yanke. Tarihin ikilisiyar Roma yana taimakawa. Wajen shekara ta 49 Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, abin da ya kai Akila da matarsa Koranti, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:2 ta nuna. Kalaudiyas ya mutu a 54, Yahudawa suka fara komawa, suka tarar da taron masu bi a hannun Al'ummai. Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 57. Ke nan a Galatiya Al'ummai ne ake matsa wa, a Roma kuwa su ne suka fara ɗaga kai.

Ya buɗe sura 9 da baƙin ciki saboda 'yan'uwansa, ya lissafa abin da yake nasu: zama 'ya'ya, ɗaukaka, alkawarai, ba da Shari'a, sujada, kakanni, da Almasihu kansa ta wajen jiki. Ya faɗi wannan a matsayin abin da suke da shi har yanzu, kuma yana magana ne a kan waɗanda ba su gaskata da Yesu ba. Sai ya ce ba duk zuriyar Isra'ila ce Isra'ila ba. Wannan aya ta 6 ana yawan karanta ta kamar tana sa Al'ummai a madadin Yahudawa, alhali misalan da suka biyo, Ishaku da Isma'ilu, Yakubu da Isuwa, rarrabewa ce a cikin gidan Ibrahim. A sura 10 ya nace cewa ƙofa ɗaya ce ga kowa, ba bambanci tsakanin Bayahude da Baheline, duk wanda ya kira sunan Ubangiji zai tsira. A sura 11 ya yi tambayar kai tsaye, ko Allah ya yi watsi da jama'arsa, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Shaidarsa ta farko shi kansa ne, Ba'isra'ile daga kabilar Biliyaminu. Ta biyu mutum dubu bakwai na zamanin Iliya da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Sannan itacen zaitun, misalin da Bulus ya kawo a sura 11. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake auren mangwaro ya san tsarin: ana ɗauko reshen iri mai kyau a ɗaura shi a kan gindin na gida mai ƙarfi. Bulus ya juya shi da gangan, ya ce reshen zaitun na jeji ne aka ɗaura a kan itace mai kyau, kuma a aya ta 24 ya yarda cewa wannan saɓanin yadda aka saba ne. A ƙirga sassan misalin da kyau, domin kowace koyarwa da ta kauce ta yar da ɗaya daga cikinsu ne. Itacen ɗaya ne, ba a sare shi aka dasa sabo ba, ba a kuma dasa na biyu a gefensa ba. Wasu rassa aka karya, ba duka ba. Dalilin karyawar rashin bangaskiya ne, kuma reshen jeji ma za a iya sare shi in ya yi girman kai. Saiwa ce ke ɗauke da reshe. Rassan da aka karya kuma Allah yana da ikon mai da su, har ya fi sauƙi, tunda itacensu ne.

Aya ta 26, inda ya ce dukan Isra'ila za su tsira, tana da fassara uku da aka daɗe ana riƙewa. Wasu sun ce Yahudawa da yawa za su juyo ga Almasihu a ƙarshen zamani. Wasu sun ce jimillar Yahudawan da suke gaskatawa ne a kowane zamani. John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya a ƙarni na 16, da waɗanda suka bi shi a nan sun ce ikilisiya ce gaba ɗaya, Yahudawa da Al'ummai. A ganina ta ukun ce mafi rauni, domin a aya ta 25 Isra'ila na nufin Yahudawa a fili, a aya ta 28 kuma mutanen nan su ne ake kira maƙiya ta wajen bishara amma ƙaunatattu saboda kakanni. Da wuya ma'ana ta canza a tsakiyar jimla biyu ba tare da sanarwa ba. Aya ta 29 kuma ta ce baiwar Allah da kiransa ba a janye su.

Yadda aka yi ikilisiya ta manta da wannan gargaɗi labari ne mai tsawo, ga gaɓoɓinsa. Sojojin Roma sun rushe Haikali a shekara ta 70. Bayan tawayen da Yahudawa suka yi wa Roma a ƙarƙashin Bar Kokba daga 132 zuwa 135, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Urushalima, kuma Yusibiyus marubucin tarihin ikilisiya ya rubuta cewa bishop goma sha biyar na farko a birnin duk Yahudawa ne, sai bayan wannan aka naɗa na farko daga Al'ummai. Wani malami mai suna Markiyon ya koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari daban ne da Uban Yesu, ikilisiyar Roma ta kore shi a 144, ta riƙe littattafan Yahudawa, amma da yawa suka ci gaba da cewa littattafan namu ne, mutanen kuwa an gama da su. Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi takwas masu zafi a Antakiya a 386 da 387, kuma abin da ya tunzura shi shi ne Kiristocin garin suna zuwa majami'ar Yahudawa lokacin idi. Majalisar Lateran ta huɗu, babban taron shugabannin ikilisiyar Katolika, a 1215 ta umarci Yahudawa su sa tufafin da za a gane su. An kore su daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492. Martin Luther ya rubuta a kansu da taushi a 1523, sannan a 1543 ya rubuta a ƙone majami'unsu, rubutun da 'yan Nazi suka yi amfani da shi ƙarni huɗu bayan haka. Kisan Yahudawa miliyan shida a Turai ne ya tilasta wa ikilisiyoyi su sake buɗe Romawa 11.

Ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatican ta Biyu ta ikilisiyar Katolika ta fitar da sanarwar Nostra Aetate a kan dangantakarta da sauran addinai, da ƙuri'a 2,221 a kan 88. Sashe na huɗu ya ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba, kuma kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta. Ikilisiyar Lutheran mafi girma a Amurka ta nesanta kanta da kalaman Luther a 1994.

A yau za a iya kasa ra'ayoyin kashi huɗu, ko da yake mutane da yawa suna tsakani. Na farko shi ne maye gurbi: ikilisiya ta gaji Isra'ila, Yahudawa sun zama kamar kowace kabila. Yana dogara da Matiyu 21:43, inda Yesu ya ce za a karɓe mulkin Allah a ba wata al'umma, da 1 Bitrus 2:9, amma yana tuntuɓe a Romawa 11:1 da 29, kuma Matiyu 21:45 da kanta ta ce manyan firistoci da Farisiyawa ne suka gane da su ake. Na biyu shi ne na masu tauhidin alkawari, mafi yawa a ikilisiyoyin Reformed da Presbyterian: jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, an faɗaɗa ta ne a cikin Almasihu. Wannan ya fi dacewa da itace ɗaya, sai dai a bakin mai wa'azi marar kula yakan zame ya koma na farko. Na uku shi ne na John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882, wanda Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya yaɗa: Isra'ila da ikilisiya jama'a biyu ne masu shiri biyu, alkawaran ƙasa da sarauta za su cika ga Yahudawa a zahiri bayan an fyauce ikilisiya, wato an ɗauke masu bi zuwa sama. Ya kiyaye amincin Allah ga Isra'ila, amma ya sake gina katangar da Afisawa 2 ta ce an rushe. Na huɗu ya ce Yahudawa suna da hanyarsu ta Sina'i, wato Shari'ar Musa, ba sa bukatar Yesu. Da kyakkyawar niyya aka yaɗa shi bayan yaƙin duniya na biyu, amma ba ya jituwa da Romawa 1:16 da 10:1, inda Bulus ke cewa bishara ga Bayahude ce da farko, yana kuma roƙo su tsira. Takardar da Vatican ta fitar a 2015 ta ƙi zancen hanyoyin ceto biyu, ta kuma ce Katolika ba ta da wani shiri na hukuma na mishan ga Yahudawa, ta bar yadda biyun suke haɗuwa a matsayin asirin Allah.

Ra'ayi na uku shi ne ya fi shafar siyasa, tun kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma ana jin sa a bakin masu wa'azi da masu zuwa ziyarar Urushalima daga Nijeriya. Akan ɗauki Farawa 12:3, zan sa wa masu sa maka albarka albarka, a mai da ita umarnin goyon bayan kowane mataki na gwamnati. Abubuwa uku ake haɗawa a nan waɗanda ya kamata a raba: Isra'ila ta Littafi Mai Tsarki, Yahudawa a matsayin al'umma a ko'ina suke, da ƙasa mai majalisa da sojoji. A Romawa 9 zuwa 11 Bulus bai ambaci iyakar ƙasa ba. Annabawan Isra'ila, Amos da Irmiya, sun fi kowa tsawata wa sarakunansu a kan zalunci. Akwai kuma Kiristoci Larabawa a Baitalami da Nazarat, waɗanda bisa Afisawa 2 'yan gida ne cikakku. Kishiyar wannan kuskure ita ma tana nan da ranta, wato a ɗauki fushin siyasa a zuba a kan kowane Bayahude, a nemo masa aya.

Ayoyin da aka fi nemowa a lokacin makon Ista suke fitowa. Bisharar Yohanna tana yawan cewa "Yahudawa" in tana nufin shugabannin Urushalima da suka yi gaba da Yesu, ita ce kuma a 4:22 ta kawo maganar Yesu cewa ceto daga Yahudawa yake. Ihun taron da ke gaban Bilatus a Matiyu 27:25 maganar taro ce a safiya ɗaya, ba hukuncin Allah ba ne, kuma makonni kaɗan bayan haka Bitrus yana tsaye a birnin yana ce wa jama'a alkawarin nasu ne da na 'ya'yansu. Gicciyewa hukuncin Roma ne, da sa hannun gwamnan Roma, kuma Ayyukan Manzanni 4:27 ta lissafa Hirudus da Bilatus da Al'ummai da mutanen Isra'ila tare. Mai karanta waɗannan wurare a gaban jama'a ya faɗi wane ne ake nufi a kowace aya kafin ya wuce, in ba haka ba masu sauraro za su cike gurbin da abin da suka ji a rediyo.

In darasin na mako huɗu ne, jerin da ya fi aiki shi ne Farawa 12, 15 da 17 tare da Romawa 4 a mako na farko, Ayyukan Manzanni 10, 11 da 15 tare da Galatiyawa 2 a na biyu, Romawa 9 zuwa 11 a zama ɗaya ba tare da tsallake ba a na uku, sannan Afisawa 2 da Romawa 14 da 15 a na ƙarshe. Kada a bar na ƙarshen, domin a nan ne koyarwar ta sauko ƙasa: mai cin nama kada ya rena mai cin ganye, mai girmama wata rana kada a hukunta shi. A Romawa 15:26-27 kuma Bulus yana shirin kai gudummawar kuɗi daga Makidoniya da Akaya zuwa ga matalautan masu bi a Urushalima, yana kiranta bashi da ke kan Al'ummai tunda sun sami rabo a albarkun ruhaniya na Yahudawa. A wannan tafiya ce aka kama shi a Haikali.